Mazubi da harsashi: abin da ya daure hannun 'yan bindigar ƙasar Gumel

Bindigar toka ba ta zuwa da harsashin da aka auna mata a masana'anta. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a bi da tsumma, a saka ƙwayar harsashi a danna da sanda, kuma kowane bututu da nasa faɗin. Ko bututu ɗaya ma ba ya tsayawa a faɗin da aka ƙera shi, domin tsatsa da goga da zafin harbi suna cin cikinsa a hankali, har ƙwayar da ta cika shi a bara ta koma tana lilo a ciki bana. In ƙwaya ta yi ƙanƙanta, ƙarfin albarushi ya zurare ta gefenta, ta fita tana bugun bangon bututu ta tafi inda ta ga dama. In ta yi girma, sai ta maƙale a tsakiya, kuma bututun da aka harba da abu maƙale a cikinsa kan fashe a hannun mai shi. Maganin da masu sana'ar suka sani a ko'ina a duniya shi ne a taɓa mazubin, wato ƙarfen nan mai baki biyu da ake zuba narkakkiyar darma a raminsa: a kankare ramin kaɗan, a zuba ƙwaya a gwada, a sake kankarewa. Aiki ne da ba shi da komowa, tunda ƙarfen da magagari ya ci ba ya dawowa. Ina ganin wannan ɗan ƙaramin aiki ya fi yawan bindigogin da ake lissafa wa sarakuna bayyana tarihin yaƙi a yankin da yau ake kira Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Mallakar bindiga abu ne mai sauƙi a ƙarni na 19. Ciyar da ita, wato samar mata albarushi da harsashin da ya dace da ita, shi ne abin da ya raba masu ƙarfi da marasa ƙarfi.

Sai an dubi inda Gumel ta zauna kafin a gane nauyin maganar. Mangawa ne suka kafa masarautar wajen 1750 a ƙarƙashin Ɗan Juma, ta bi Borno, kuma jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai haɗiye ta ba. Wannan ya bar ta a tsakiyar maƙwabta uku da kowannensu ya fi ta jama'a: Kano daga yamma, Haɗejiya daga gabas da kudu, Damagaram daga arewa. Tun 1828 yaƙi bai bar ta ta huta ba. A 1845 aka taso da fadar daga Tumbi, wadda yau take cikin Jamhuriyar Nijar, zuwa garin Gumel na yanzu. Rigimar Haɗejiya ta ci gaba har rasuwar Sarki Abdullahi a 1872, daga nan kuma hare-haren Damagaram na kamun bayi suka rage mutanen ƙasar har ƙarshen ƙarnin. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Gumel a watan Maris na 1851 zamanin Sarki Ɗan Tanoma, ya tarar da ita babbar kasuwar kanwa. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854, rikicin gadon sarauta ya riga ya lalata garin. Ƙasa ce da take kan hanyar fatake amma ba ta riƙe da bakin hanyar ko ɗaya. Kayan Tarabulus sai sun bi ta hannun Zinder, fadar Damagaram, ko Kukawa, fadar Borno, ko Kano, kayan bakin teku sai sun ratsa Nufe da Zazzau da Kano. Duk wanda zai sayar wa Gumel albarushi, ko dai abokin gaba ne ko kuwa uban gida.

Bindigar kanta tsohuwa ce a wannan sashe. Limamin Borno Ahmad bin Fartuwa ya rubuta cewa Mai Idris Alooma, a ƙarshen ƙarni na 16, yana da 'yan bindiga Turkawa da bayin da aka koya wa harbi. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Kumbari (1731–1743) aka shigo da garkuwoyi daga Nufe tare da bindigogi, kuma Babba Zaki (1768–1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A bakin teku kuwa ambaliyarsu aka yi: masanin tarihi Joseph Inikori ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 ana sauke bindigogi 283,000 zuwa 394,000 a kowace shekara a Afirka ta Yamma, yawanci ƙirar Birmingham ta Ingila da wasu garuruwan Turai. Amma kaɗan ne ke isowa nan, kuma sai sun tsufa a hannu da yawa. Barth ya ƙiyasta ruwan takobi 50,000 na shigowa kasuwar Kano a shekara, mafi yawa daga Solingen ta Jamus, sannan ya ce bindigogin da ake kawowa 'yan kaɗan ne, sai dai wasu masu araha da suka fara ɓullowa ta Nufe. Abin da wannan ke nufi ga sarkin bindiga na kowace fada a fili yake. Rumbun makamansa taron dangi ne: wannan ta zo ta Sahara, waccan ta bakin teku, wata ganimar yaƙi ce, wata kyautar baƙo. In yana da bindigogi 30, yana iya samun faɗin bututu iri goma. Sojan Turai yana karɓar harsashin abokinsa ya ɗura don an ƙera bindigoginsu a ma'auni ɗaya. A nan kuwa ƙwayar da aka zuba wa wannan ba lallai ta shiga waccan ba.

A ƙasashen da darma take da araha, an warware matsalar ta hanyar ba kowace bindiga mazubinta. Maharbin dajin Amurka na ƙarni na 18 yakan sayi bindigarsa tare da mazubin da maƙeri ya yanka mata, in cikin bututun ya cinye aka sake gyara shi, sai a faɗaɗa mazubin su tafi tare. Wannan tsari yana tsaye ne a kan abu ɗaya, wato samun darma a wadace. Darma tana narkewa a zafin digiri 327, wutar murhu ma ta isa, tana da nauyi, tana da laushin da ba ta cin bututu. Ƙarfe kuwa sai ya haura digiri 1,500, zafin da zugazugin maƙerin baƙi ba ya kaiwa, don haka ba a zuba shi, ƙera shi ake yi da masaba a kan uwar maƙera. Ƙasar Gumel rairayi ce, ba ta da ramin darma. Dutsen da ake samun ta a cikinsa, wanda shi ne kuma ake niƙawa a yi kwalli, daga kwarin Binuwai fatake suke ɗauko shi, tafiyar makonni, kuma kasuwar kwalliyar ido tana jiran sa da kuɗi a hannu. Kuzar Riruwai ma tana da masu nemanta don kayan ado. Saboda haka abin da ya fi yawa a bakin bindiga a faɗin Afirka ta Yamma shi ne guntayen ƙarfe da aka sassara aka bubbuga, wani lokaci har da tsakuwa. Kowace ƙwayar ƙarfe aikin hannu ce ita kaɗai, ba ta yin cikakken zagaye, ba ta da nauyin darma, tana kuma kankare cikin bututu duk lokacin da ta fita. Ga tarkon da aka shiga: rashin darma ya sa a harba ƙarfe, ƙarfe ya ƙara faɗaɗa bututu, bututun da ya faɗaɗa ya ƙara nisa da kowane mazubin da ake da shi. Wanda ya samu darma da mazubi, dole ya riƙa bin bindigarsa da magagari. Wanda bai samu ba, sai ya ɗura ƙananan guntaye da yawa ya matso kusa.

Za a ce wannan rashin gwaninta ne kawai, cewa da maƙeran sun iya da sun daidaita komai. Hujjar ba ta tsaya ba. Zubi ba baƙon aiki ba ne a ƙasar Hausa da Borno: maƙeran fari sun daɗe suna narka tagulla da farin ƙarfe da azurfa suna zuba likkafa da mundaye da kayan doki, wasu ta hanyar siffanta abu da kakin zuma a lulluɓe shi da yumɓu. Wanda ya iya zuba likkafa ba ramin ƙwaya mai zagaye ne zai gagare shi ba. A Zinder har igwa aka zuba zamanin Sarkin Damagaram Tanimu. A can yamma, maƙeran Sarki Samori Ture sun kwaikwayi bindigogin Faransa masu ɗuri ta baya a shekarun 1890, suna kuma sake cika kwanson harsashi. Sannan su kansu Turawan ba su damu da daidaiton ƙwaya ba kamar yadda ake zato. Bindigar sojan Ingila da ake kira Brown Bess tana da faɗin bututu inci 0.75, amma ƙwayarta wajen 0.69 ce, da gangan aka rage ta don dattin albarushi yana toshe bututu bayan 'yan harbe-harbe. Ba a sa ran ta sami mutumin da aka auna in ya wuce yadi 100. Abin da ya sa ta yi aiki shi ne jera ɗaruruwan sojoji su saki wuta lokaci ɗaya, sau biyu ko uku a minti, abin da ke cin buhunan albarushi da tulin darma tun a wurin horo. Maƙerin da yake da aikin garma da fartanya da lauje da kan kibiya a gabansa kafin damina, ya kuma san cewa mai bindigar ba zai harba ta fiye da 'yan lokuta a shekara ba, bai yi wauta ba da ya ƙi ɓata kwanaki a kan mazubin da babu darmar zubawa a cikinsa. Lissafi ya yi, kuma lissafinsa daidai ne.

Ƙalubalen da ya fi wannan ƙarfi shi ne Damagaram. Ana ruwaito cewa Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884 bayan ɗan gajeren hawansa na farko, ya tara bindigogi wajen 6,000 da igwa wajen 40, kuma ba wanda zai musa cewa a zamaninsa Zinder ta tashi daga mai biyan gaisuwa ga Borno ta koma mai tsoratar da maƙwabta. Ɗansa Ahmadu Kuran Daga ya kai yaƙi har cikin ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1890, zamanin Sarki Alu. Ashe wannan bai nuna cewa yawan bindiga shi ne komai ba? Ni a ganina akasin haka ya nuna. Tanimu ya zauna a bakin hanyar Agadas da Gat da Tarabulus, inda farar wuta take shigowa, ita ce kuwa a cikin kayan haɗin albarushi uku ta fi wuyar samu a nan, tunda gawayi da gishirin da ake tatsa daga ƙasa suna kusa. Ya sa ana haɗa albarushi a gida. Ya tara maƙera a ƙarƙashin fada. Ya damƙa bindigogin a hannun bayin sarki waɗanda ba su da gonar da za su koma, ana iya riƙe su a yi musu horo. Ya biya duk wannan da bayi da gashin jimina da fatu da ake turawa arewa, kuma wani ɓangare na waɗannan bayi daga ƙauyukan kudu aka kamo su, ciki har da na ƙasar Gumel. Wato harin da aka kai wa ƙauye bana shi ne kuɗin albarushin da za a dawo masa da shi baɗi. Da a ce an ɗauki rabin bindigogin Tanimu an ba Sarkin Gumel kyauta, da sun yi amo a gamo ɗaya ko biyu sannan su koma sanduna. Sai miya ta ƙare ake sanin maci tuwo. Igwoyin ma, masu nazarin tarihin yaƙin yankin sun fi ganin amfaninsu a tsoratarwa da nuna isa fiye da ɓarnar da suke yi a fagen daga.

Shi ya sa kwari da baka ba su mutu ba. Baturen nan mai yawon bincike, Clapperton, ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tana kai wa birnin Gobirawa hari a 1826, ya ƙirga bindigogi 'yan arba'in kacal a cikin dubban mayaƙa, masu su suna harbawa su ja da baya su sake ɗuri. Kafin su gama, ɗan baka ya saki kibau da yawa. Kan kibiya ƙarfen gida ne, kyauron daga fadama, dafin daga kwankwani, babu abin da ya ratso Sahara. Ga ƙasa irin Gumel wannan ba ƙaramin dalili ba ne. Barade da 'yan lifidi da 'yan baka da ganuwa su suka ci gaba da ɗaukar nauyin yaƙi, bindiga tana gefe tana firgita dawakin da ba su saba da ƙararta ba.

A daidai shekarun da Gumel take fama da Haɗejiya, Turai ta kashe matsalar mazubi gaba ɗaya. A 1849 wani hafsan Faransa, Claude-Étienne Minié, ya fito da harsashi mai rami a gindi: yana shiga bututu a sake, amma da albarushi ya tashi sai gindin ya buɗe ya cika bututun ya kama tsagin da aka murɗa a cikinsa. Harsashin da kansa yake faɗaɗa a lokacin harbi, ba sai an bi mazubi da magagari ba. Bayan shekaru kamar 20 aka koma ɗuri ta baya da kwanson tagulla wanda ya haɗa albarushi da ƙwaya da abin kunnawa wuri ɗaya, daga nan sai bindigar Maxim a 1884. Da Turawa suka ga tazarar ta buɗe, sai suka sa mata ƙofa: yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsasansu a tsakanin digiri 20 arewa da 22 kudu, ta bar musu masu ƙyastu da albarushin kasuwa. An ce don hana cinikin bayi ne, kuma lalle cinikin ya ci mutanen wannan yanki, amma dokar ta zo wa masu shirin mamaya daidai wuya. Rabeh, wanda ya ci Borno a 1893, ya tara bindigogin zamani masu yawa, duk da haka neman harsashi bai bar shi ya sarara ba har aka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900. Zinder da igwoyinta ta faɗa hannun Faransawa a 1899 bayan gamon Tirmini. Kano ta faɗi a watan Fabrairu 1903. Sarkin Gumel Ahmadu ya miƙa wuya a wannan shekara ba tare da yaƙi ba, kuma wanda ya ga abin da ya sami Haɗejiya a watan Afrilu 1906, inda aka kashe Sarki Muhammadu da manyan mutanensa a rana ɗaya, zai yi wuya ya kira wannan shawara tsoro.

Mulkin mallaka ya ƙwace yaƙi daga hannun sarakuna, ya ja iyaka tsakanin 1906 da 1908 wadda ta raba Gumel da tsohuwar fadarta ta Tumbi, ya bar bindigar toka ga maharba da masu gadin gona da 'yan bindigar hawan salla. Abin mamaki, a wannan zamani ne maƙerin ƙauye ya fi kusantar bindiga. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930 ta tashar Gagarawa, tarkacen ƙarfen Turai ya cika kasuwa har ya kashe sana'ar narka tama. Bututun ƙarfe da da sai an sayo shi a jikin bindiga ya zama abin tsinta, daga baya darma ma ta samu daga tsofaffin batiran mota. Maƙeri ya tashi daga mai gyara ya koma mai ƙerawa tun daga tushe, kuma tunda kowane bututu daga inda aka tsinto shi yake, tsohuwar matsalar faɗi ta dawo sabuwa. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, ta sa masu ɗuri ta baki a matakin ƙasa, ta kuma ce ƙera su ko gyara su sai da izinin hukumar 'yan sanda. Tsarin Brussels ne aka sake wa riga: abin da yake da ƙarfi na gwamnati, abin da ake ɗurawa ta baki na talaka.

Yau Maigatari ta shahara da kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis, inda raƙuma da shanu da tumaki suke shigowa daga Nijar, da kuma yankin ciniki maras haraji da aka kafa zamanin gwamnatin Saminu Turaki. Duk lokacin da maganar tsaron iyaka ta taso, akwai masu nuna maƙera da yatsa, su ce ƙirar gida ce tushen ta'addancin da ya addabi Arewa. Ba za a wanke kowa ba, don ana kama masu ƙera wa ɓarayi makamai, kuma bindigar toka tana kisa. Sai dai ɗan bindigar dajin Zamfara ko Katsina ba da ita yake tarwatsa gari ba, AK-47 yake riƙe da ita, wadda ta ƙaru a Sahel bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011. Ita kuwa harsashinta mai faɗin milimita 7.62 daga masana'anta yake fitowa, iri ɗaya ko a Rasha aka yi shi ko a Sin, babu maƙerin da zai zuba shi a mazubi. Bindigar tana iya shekara 30 tana aiki, harsashin kuwa kullum sai an sayo sabo, shi ya sa sanarwar 'yan sanda ta cika da labarin waɗanda aka kama da ɗaruruwan harsasai a cikin buhun hatsi ko jarkar manja ko ƙarƙashin kujerar mota. Ɗan sa-kan da yake tsaron ƙauyensu da bindigar toka yana harbi ɗaya ne ya tsaya ɗuri, wanda yake fuskanta kuma yana da harsashi 30 a ɗuri ɗaya.